Wane albarushi ya dace da ƙwaya mai giren 40 a .223 Remington?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena, musamman mazauna Amurka masu cika harsashinsu da hannu. Ga tambaya. Bindiga ce mai sakatar da ake ja da hannu, mai cin harsashin .223 Remington, bututu inci 24, murɗin cikinsa 1:12, wato juyi ɗaya a kowane inci 12. Ƙwayar da za a ɗora Hornady V-Max ce mai nauyin giren 40, don harbin kuregen nan na filayen Dakota daga yadi 100 zuwa 300. Albarushi huɗu ne a kantin shago: Varget, H335, Benchmark da H4198. Ko'ina aka duba Varget ake yabo a .223. Shi za a ɗauka, ko akwai magana?

Malam Mai Sikeli: Wa alaikumus salam. Akwai magana kuwa, Auta. Yabon da ake yi wa Varget gaskiya ne, amma masu harba ƙwaya mai nauyi ne ke yinsa, giren 69 zuwa 77. Taka kusan rabin wannan ce, kuma nauyin ƙwaya shi ne farkon abin da ke zaɓar albarushi.

Ga yadda abin yake. Albarushin zamani marar hayaƙi ci yake yi da wuta, ba fashewa lokaci guda ba, kuma saurin cinsa ya dogara da matsin da ke cikin kwanso, wato gidan tagullar da ke ɗauke da albarushi da ƙwaya. Matsi ya hau, ci ya ƙaru. Ƙwaya mai nauyi tana da taurin tashi, tana tsayawa ta toshe hanya har matsi ya taru a bayanta. Marar nauyi kuwa da an taɓa ta ta zura da gudu, sararin da ke bayanta ya yi ta faɗaɗa, matsin ya rasa inda zai taru. In albarushin mai jinkirin ci ne, kafin ya kama sosai ƙwayar ta yi nisa. Abin da za ka gani: wuyan kwanso ya yi baƙi da toka saboda matsin bai kai ya buɗa tagullar ta manne da bangon ɗakin da harsashi ke zama a gindin bututu ba, 'yan ƙwayoyin albarushi da ba su ƙone ba a cikin bututu, harshen wuta a bakin bindiga, gudun harsashi kuma yana hawa yana sauka daga harbi zuwa harbi.

Da Varget akwai wata matsala ta biyu: kwanson .223 ƙarami ne, ruwan da yake ɗauka kusan giren 30 ne kawai. Da ƙwaya mai giren 40, kwanson zai cika maƙil har sai an danne albarushin kafin a kai matsin da ya kamata. Ba haɗari ba ne in littafi ya rubuta shi, amma wahala ce ba riba. A cikin huɗun nan, Benchmark ne a gaba, H335 na biye, H4198 na da nasa wurin, Varget a ajiye wa ƙwaya mai nauyi.

Kawu Sarkin Baka: Malam, na yarda da cire Varget, amma ban yarda Benchmark ya sha gaban H335 ba. H335 ɗan gida ne a wannan kwanso. Asalinsa albarushin soja ne, WC844, wanda aka yi don harsashin soja na 5.56, ɗan'uwan .223. Ƙwayoyinsa 'yan dunƙule ne ƙanana kamar garin gero, suna zuba daga ma'aunin juyawa kamar ruwa. Mai zuwa harbin kurege harsashi ɗari biyar yake cikawa, wani dubu. Wa zai zauna yana auna kowane ɗaya a sikeli? Da H335 ka saita ma'auni, ka duba kowane na goma, ka ci gaba. Gudu kuma yana cikin masu ba da mafi yawa da giren 40.

Malam Mai Sikeli: Kawu, Allah ya ja kwana, zubarsa ba gardama. Amma a ina za a harba shi? Dakota ta Kudu da Wyoming a watan Yuli, rana na dukan akwatin harsashi, bututu ya yi zafin da ba a iya dafa shi. Albarushin dunƙule irin H335 yana jin zafi. Adadin da aka gwada lafiya lau a sanyin watan Maris zai iya danne firaima, maɓallin gindin kwanso mai tayar da wuta, ya taurara sakata a watan Yuli. Mafi muni shi ne harsashin da aka tura cikin ɗaki mai zafi aka bar shi minti guda ana neman kurege a madubin hange na bindiga: ya gasu kafin a ja kunama. Benchmark yana cikin jerin da kamfanin albarushi na Hodgdon ke kira Extreme, waɗanda ake yi a Ostireliya, kuma an yi su ne don kada zafi da sanyi su riƙa juya su sosai. Ƙwayoyinsa sanda-sanda ne amma gajeru ƙwarai, don haka shi ma yana zuba lafiya. Abin da H335 ya fi shi da shi kaɗan ne, abin da ya fi H335 da shi babba ne a wannan aikin.

Kawu Sarkin Baka: To ai maganin wannan sananne ne. A gwada adadin a lokacin zafi, a tsaya ƙasa da ƙololuwa, a sa harsashi a inuwa, kada a rufe sakata sai an shirya harbi. Wanda ya yi haka H335 ba zai ba shi kunya ba. Sai dai in ƙara wani abu da ake mantawa: albarushin dunƙule yana da taurin kamawa saboda rufin da ke jikinsa, musamman a sanyi. Shi ya sa wasu littattafan ke haɗa shi da firaima mai ƙarfi irin CCI 450. Abin da littafin ya yi gwaji da shi, shi za a sa.

Hajiya Mai Lissafi: Tunda an zo kan firaima, wato ɗan maɓallin gindin kwanso da ke tayar da wuta, a kula da Remington 6½. Girmansa ɗaya da sauran na ƙananan bindigogi, yana shiga ramin .223 daidai, amma kofinsa siriri ne, don irin su .22 Hornet aka yi shi. A .223 yana iya hujewa, iskar wuta ta dawo ta ci fuskar sakata ta bar mata 'yan ramuka. Na .223 shi ne 7½. CCI 400, BR-4 da Federal 205 su ma na wannan aji ne.

Sannan Auta, ka san abin da ake nufi da giren tun yanzu. Ma'aunin nauyi ne, ba ƙirgen ƙwayoyi ba. Giren 7,000 ne laba ɗaya, giren ɗaya kuwa giram 0.0648. Sikelin lantarki yana da maɓallin da ke sauya shi tsakanin giren da giram, yatsa na iya taɓa shi ba a sani ba. Kafin a fara, a ɗora ma'aunin gwaji a ga lambar da ta saba fitowa. Ko ƙwayar V-Max ɗin ma ta isa shaida: in ba 40.0 ko kusa da haka ta nuna ba, a tsaya.

Ɗan Auta: Na gode Hajiya. To H4198 fa? Malam ya ce yana da wurinsa. Tunda saurin ci ake nema, ba shi ya fi dukansu sauri ba? Kuma don Allah a ba ni adadin giren nawa zan fara da shi a Benchmark.

Malam Mai Sikeli: Adadi ba za ka same shi a nan ba, kuma duk wanda ya ba ka a zaure kada ka karɓa, ko ni ne. Yatsa ɗaya ya zame a kan waya, lamba ta sauya, fuskar mutum ce a bayan sakatar. Hodgdon na da shafinsa na adadi kyauta a intanet, Hornady na da littafinsa na ƙwayoyinsa, akwai na Lyman, Sierra, Nosler da Speer. A buɗe biyu aƙalla a gwama. Za ka ga sun ɗan bambanta, domin kowa da bututun gwajinsa, kwansonsa da firaimarsa. In sun saɓa, a fara daga mafi ƙanƙanta.

H4198 kuwa, e, ya fi su sauri, kuma yana aiki da giren 35 zuwa 40. A .222 Remington ma dangin 4198 sun daɗe suna sarauta. Yana ƙonewa tas, ƙararsa da harshen wutarsa ba yawa, kuma yana cin adadi kaɗan, laba ɗaya ta fi auki. Amma ba a ce mafi sauri shi ne mafi kyau ba. Mai sauri yana kai ƙololuwar matsi tun kwanson bai cika ba. SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin bindiga da harsashi a Amurka, ta yanke wa .223 Remington matsin 55,000 psi (ma'aunin matsi), kowane albarushi a nan zai tsaya. Wanda ya fi ba da gudu shi ne wanda ya kai wannan iyaka ya kuma daɗe yana turawa, ba wanda ya kai ta farat ɗaya ya faɗo ba. Don haka H4198 yakan bar ɗan gudu a baya in an gwada shi da Benchmark ko H335. Kuma kusa da ƙarshensa ba ya yafiya: ƙarin giren 0.3 da wani albarushin zai haɗiye, shi sai ya yi tsalle da shi.

Abin da ake nema a teburin adadi na littafi shi ne albarushin da adadinsa na sama ya kusa cika kwanso, kashi 90 cikin ɗari zuwa sama, ya kuma kai matsi a daidai nan. Cikakken kwanso na sa wuta ta kama iri ɗaya kowane harbi, domin albarushin ba ya kwanciya gaba ko baya. Kuma in an yi kuskuren zuba sau biyu zai malalo a gani.

Baba Maƙeri: 'Ya'yana, ku bar ni in tsoma baki kan suna, don a nan ne mutane ke rasa yatsu. H4198 da IMR 4198 ba abu ɗaya ba ne, ko da yake tun 2003 kamfanin Hodgdon ne ke da sunan IMR. Lamba ɗaya, masana'anta daban, tebur daban. Haka H4895 da IMR 4895. Wanda ya fi ban tsoro: Reloder 7 na Alliant albarushin doguwar bindiga ne mai kyau da ƙwaya marar nauyi, Accurate No. 7 kuwa na ƙaramar bindigar hannu ne. Mutum ya ji an ce "lamba bakwai", ya ɗauko na biyun ya zuba adadin na farkon a .223, bindigar ba za ta rayu ba. A karanta gwangwani gaba ɗaya, sunan kamfani da lamba, a gwama da shafin littafi harafi da harafi. Gwangwani ɗaya tak a kan tebur. An gama, a juye ragowar ma'auni a mayar cikin gwangwaninsa nan take, kada a kwana da shi a ciki, domin gobe ba mai iya gane albarushi da ido.

Jadawalin saurin ci da kamfanoni ke bugawa, wanda ya jero su daga mai sauri zuwa mai jinkiri, nuni ne kawai na unguwar da za a nema. Biyu su zauna kusa da juna a jadawali ba ya nufin adadinsu ɗaya, har matsayinsu kan sauya daga kwanso zuwa kwanso.

Injiniya: Baba ya gama magana. Ni murɗin bututun nake so a duba, domin ana yawan ɗora wa albarushi laifin da ba nasa ba. Auta ya yi sa'a, 1:12 ne, wato ƙwaya na juyawa sau ɗaya a kowane inci 12. Ga lissafin juyi a minti: gudu da ƙafa a sakan, sau 720, a raba da murɗi. Mu ɗauki ƙafa 3,700 a sakan, wanda giren 40 ke iya kaiwa kusa da shi a dogon bututu. A 1:12 juyi 222,000 ne a minti. A 1:8 ya zama 333,000. A 1:7 ya haura 380,000. Ƙwayoyin harbin ƙananan dabbobi rigarsu ta tagulla siririya ce da gangan, don su tarwatse da sun taɓa nama. A irin wannan juyi, in bututun ya yi zafi ko cikinsa na da kaushi, wasu kan wargaje a iska. Za a ga ɗan hayaƙi toka-toka yadi 30 ko 50 a gaba, takarda kuma ba huji. Masu rigar leda a baki irin V-Max da Ballistic Tip sun fi jurewa, masu siririyar riga irin Speer TNT da Hornady SX su ne aka fi gargaɗi a kansu. Mai 1:7 da ya ga haka, sauya albarushi ba zai yi masa komai ba. Ya rage gudu ko ya sauya ƙwaya.

Wani abu kuma ga masu bindiga mai sarrafa kanta da iska irin AR-15: albarushi mai sauri kamar H4198 da ƙwaya marar nauyi yakan sa matsin ya faɗi kafin ƙwayar ta wuce hujin iska, sai sakata ta kasa komawa baya sosai, ta ƙi ɗauko na gaba. A can H335 ko Benchmark sun fi. Mai sakatar hannu wannan bai dame shi ba.

Kawu Sarkin Baka: Injiniya, to gajeren bututu fa, inci 16? Ana cewa dole sai albarushi mai sauri.

Injiniya: Rabin gaskiya ce, Kawu. Ƙololuwar matsi a 'yan incin farko take faruwa, tun ƙwaya ba ta je ko'ina ba. Abin da ke zaɓar albarushi shi ne girman kwanso, faɗin bututu da nauyin ƙwaya. Galibi wanda ya fi gudu a inci 24 shi ne zai fi a inci 16, duka dai sun ragu. Ribar mai sauri a gajeren bututu ita ce raguwar ƙara da walƙiya a baki, ba ƙarin gudu ba.

Hajiya Mai Lissafi: Wannan batu na girman kwanso ya kamata a tsaya a kansa, don kada wani ya tashi da cewa "giren 40 sai Benchmark" ya kai shi ko'ina. Ƙwayar nan guda, mai faɗin inci .224, kwanso uku za ta hau, .223 da .22 Hornet da .22-250, kowanne da abincinsa.

A .22 Hornet, kwanson bai kai rabin na .223 ba. Can Benchmark ya yi jinkiri ƙwarai. Abincinsa Lil'Gun, H110 ko IMR 4227, waɗanda a wani wurin na manyan bindigogin hannu ne. Lil'Gun ya yi suna a Hornet saboda yana ba da gudu da matsi mai sauƙi, abin da siririyar tagullar Hornet ke so. H110 kuwa ba a rage shi yadda aka ga dama, tazararsa tsakanin farko da ƙarshe 'yar kaɗan ce, ƙasa da ita ba ya kamawa daidai. Kuma tsofaffin bindigogin Hornet wasunsu faɗin bututunsu .223 ne ba .224 ba, a auna kafin a saya ƙwaya.

A .22-250 kuwa, wanda Remington ya mayar na kasuwa a 1965, kwanson ya fi na .223 da kusan rabi, iyakar matsinsa 65,000 psi, firaimarsa babba ce. Can Varget ɗin da muka kora ya zama ɗan gari ko da giren 40, tare da H4895, IMR 4064 da IMR 3031, gudu kuma ya haura ƙafa 4,000 a sakan. H380 ma daga wannan kwanso ya samo sunansa, adadin giren 38.0 da Bruce Hodgdon, wanda ya kafa kamfanin, ya ga ya yi masa kyau da ƙwaya mai giren 52. Tarihin suna ne wannan, ba adadin da za a kwafa ba. Kuɗin wannan gudu maƙogwaron bututu, wato farkonsa daga bakin ɗaki, ne ke biya, yana ƙonewa da wuri fiye da na .223.

Sai .204 Ruger da Hornady da Ruger suka fitar a 2004 daga kwanson .222 Remington Magnum. Ƙwayoyinsa giren 32 zuwa 40 ne, amma da yake bututun ya fi ƙunci, giren 40 a can ƙwaya ce mai nauyi. Benchmark, H4895, IMR 8208 XBR da Reloder 10X duk ana amfani da su. Kun ga "marar nauyi" ba lamba ba ce, sai an haɗa da faɗin bututu.

Baba Maƙeri: Kuma ƙuncin wuyan .204 na kawo wata fitina, har a .223 takan faru da dogayen ƙwayoyi irin na IMR 4198. Sandunan kan gicciye a bakin mazurari su yi gada, rabin albarushin ya maƙale. Kwanson nan ya samu kaɗan, na bayansa ya samu nasa da ragowar na gaba. Maganinsa: a zuba a hankali, a ɗan ƙwanƙwasa mazurarin, a ɗaga shi a leƙa kafin a matsa. In an cika katakon jera kwanso, hamsin a tsaye, a ɗauko tocila a haska daga sama layi-layi. Duk wanda tsayin albarushinsa ya bambanta da na 'yan'uwansa, a juye shi a sake. Lokacin sanyi in iska ta bushe, ƙwayoyi kan manne a jikin robar ma'auni. A goge ta da takardar nan ta laushin tufafi da ake sawa a injin busarwa, mannewar za ta tafi.

Ɗan Auta: Allah ya saka da alheri, Baba. To an zaɓi Benchmark. Yaya ake hawa daga adadin farko?

Malam Mai Sikeli: Da kwanso za a fara. Kamfani ɗaya, a ce Lapua duka ko Winchester duka, ba tsince-tsince ba, domin kaurin tagulla ya bambanta, sararin ciki ma haka. Na soja irin Lake City bakin ramin firaimarsa a danne yake, sai an share dannin kafin sabuwa ta shiga. Tsawon kwanso kada ya wuce inci 1.760, a datse zuwa 1.750. Wanda ya yi tsawo bakinsa kan shige maƙogwaro ya shaƙe ƙwaya, matsi ya hau ba tare da an ƙara ko ƙwayar albarushi ba.

Tsawon harsashi gaba ɗaya a bi na littafi ga wannan ƙwayar. Iyakar .223 inci 2.260 ne, amma giren 40 gajeruwa ce. Masu son kai ƙwaya kusa da tsagin bututu sukan ja ta waje har ta kusa faɗuwa. Wuyan .223 kusan inci 0.2 ne kacal, a bar mata jiki a ciki ta kama, in ba haka ba za ta karkace. A ɗaki mai dogon maƙogwaro irin na 5.56 ba za ta taɓa kai tsagin ba, a haƙura, tana iya tsalle ta yi kyau.

Sai hawa. Daga adadin farko na littafi. In littafin ƙololuwa kawai ya bayar, a sauko kashi 10 cikin ɗari. A ƙara giren 0.3 kowane mataki, harsashi uku zuwa biyar a mataki, kusa da sama a koma 0.2. A wannan gwajin kowane adadi sai an auna shi a sikeli, ba a ma'aunin juyawa ba. A rubuta adadin a jikin kwanso da alƙalamin maka. A harba daga ƙasa zuwa sama, a bar bututu ya huce, a duba kowane kwanso kafin a ɗauki na gaba. Sakata ta yi tauri wajen ɗagawa, tabo mai ƙyalli a gindin kwanso inda ya danni hujin fitarwa, firaima ta baje har gefenta ya ɓace, ko ta huje, ko baƙin zobe a kewayenta: a tsaya nan, a warware sauran, ko da littafi ya ce da saura.

Injiniya: Sai dai a sani alamun nan makara suke yi. Kafin tagulla ta nuna tabo, sau da yawa an riga an wuce iyaka. Firaima kuma na iya bajewa don an tura kafaɗar kwanso baya da yawa wajen matsewa, ba don matsi ba, ta iya kuma zama lafiya lau alhali matsi ya yi yawa. Shaidar da ta fi ita ce na'urar auna gudu. In littafi ya ce ƙololuwa na ba da gudu kaza a bututun inci 24, kai kuma ka kai wannan gudun da saura giren ɗaya a hannunka, ka iso ƙololuwarka. Gudu ba ya zuwa kyauta. A kuma duba tazarar da ke tsakanin mafi gudu da mafi jinkiri a harbi goma. In tana da faɗi a ƙasa tana tsukewa yayin da ake hawa, albarushin ya fara samun matsin da yake so. In har sama ba ta tsuke ba kuma wuya na baƙi, ya yi wa ƙwayar jinkiri, a koma H322 ko N133 na Vihtavuori.

Kawu Sarkin Baka: Kurege bai san bambancin ƙafa ɗari a sakan ba. Inda hujin ya fi taruwa, nan za a tsaya, ko da ƙasa da ƙololuwa ne da rabin giren, ya ma fi don zafin Yuli. Kuma in gwangwani ya ƙare aka sayo wani, a duba lambar rukuni a jikinsa. In ta bambanta, a ɗan sauko a sake hawa. Shi ya sa masu harbi da yawa ke sayen tulu mai laba 8.

Hajiya Mai Lissafi: Mai sayen tulu ya san ajiya. Cikin robarsa ta asali, wuri mai sanyi da bushewa, ba cikin akwatin ƙarfe mai rufewa ruf ba, don in gobara ta tashi ana so iskar ta samu hanya. Ƙa'idar NFPA 495 ta ƙungiyar kare gobara ta Amurka ta ce abin da ya wuce laba 20 a gida, har zuwa 50, sai cikin akwatin katako mai kaurin inci ɗaya, wasu jihohi da garuruwa kuma na da tasu dokar a kai. In an buɗe aka ji wari mai yaji yana hawa hanci, ko aka ga jan ƙura kamar tsatsa, ya lalace.

Mazauna Kalifoniya kuma, tun 1 ga Yuli 2019 ba a farauta da dalma a jihar. Ƙwayoyi marasa dalma irin Barnes Varmint Grenade mai giren 36 ko Hornady NTX mai 35 sun fi tsawo a kan nauyinsu, suna cin wuri a kwanso, suna kuma neman murɗi fiye da yadda nauyinsu ya nuna. Teburinsu daban ne, ba a ara musu na V-Max.

Baba Maƙeri: Akwai 'yan'uwa a zauren nan da ke karantawa daga gida, to su ji. Wannan sana'a ce ta inda doka ta yarda. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana haɗa harsashi ba da izini ba. Kuma sunan albarushi kada ya ruɗi kowa: wanda muke magana a kai ba shi ne baƙin albarushin bindigar toka ba. Matsinsa ya ninka na wancan nesa ba kusa ba. Aka fasa harsashin zamani aka ɗura cikinsa a bindigar maƙera, bututun ne zai tsage a hannun mai ita.

Ɗan Auta: An ji, Baba. Tambaya ta ƙarshe: in ana son harbi mai sauƙin ƙara kusa da gonaki, a rage Benchmark ƙasa da adadin farko?

Malam Mai Sikeli: A'a. Ƙasa da adadin farko wuta ba ta kama daidai, wani harbin ya yi jinkirin tashi, wani ya bar ƙwaya a bututu, na bayansa ya same ta a can. Rage ƙarfi yana da nasa albarushin. Hodgdon ya yarda a sauke H4895 har zuwa kashi 60 cikin ɗari na ƙololuwarsa, amma sai a kwanso da ƙwayar da teburinsu ya riga ya rubuta H4895 a kansu, kuma shi kaɗai, ban da IMR 4895. Masu zuba 'yan giren na albarushin bindigar hannu a .223 kuwa, kwanson na ɗaukar zubi biyu ba tare da ya nuna ba, ban ba ka shawarar ka bi su ba. In harbi ya yi wata ƙara daban, ko ba ka ga huji a takarda ba, cire sakata gaba ɗaya ka leƙa bututun daga baya sai ka ga haske kafin ka sa wani.